Baba Mai Tsani da Layin da Bai Motsa Ba

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Laraba, 9 ga Afrilu, ina zaune gaban kwamfuta a ofishinmu na kamfanin wutar lantarki, babbar 'yarka ta kira ni ta ce, "Yaya, Baba ya cika."

Shekara ashirin da bakwai kana saɓe da tsani daga wannan taransifoma zuwa waccan, ka hau, ka goge gilashin awo da hannun riga, ka ga inda mai ya tsaya. Shi ya sa muke ce maka Baba Mai Tsani. Da aka ɗaura wa kowace taransifoma na'urar da ke aiko da awon mai ofis ta iska, ni aka zaunar gaban kwamfutar. Har na tsokane ka, na ce tsaninka ya yi ritaya. Murmushi kawai ka yi.

Wata rana ka leƙo ta bayana, ka nuna a kwamfutar layin awon man taransifomar da ke ba asibiti wuta. "Ɗana, tun yaushe wannan yake haka?" Na ce mako uku, a cike, ko gezau. Ka ce, "To na'urar ƙarya take yi. Mai in rana ta take hawa yake, da sanyin safiya ya sauka. Wanda bai motsa ba, a je a duba." Ka saɓi tsani. Ashe na'urar ce ta maƙale, man kuwa yoyo yake, ƙasa ta yi baƙi ƙirin. Saura ƙiris taransifomar ta ƙone. A rahoto ka rubuta cewa ni na gano. Da wannan rufin asiri nake ciyar da iyalina har yau.

Bayan ka ajiye aiki, kowace safiya nakan tura maka saƙon gaisuwa. Wata biyar ɗin nan amsarka ɗaya ce: "Lafiya lau." Ba tsokana, ba tambayar taransifomar asibiti, kai da ba ka gajiya da zancenta. Sai da na zo gaisuwa Inna, mai ɗakinka, ta faɗa mini duk tsawon lokacin kana kwance, 'yarka ce ke rubuta amsar, don ka ce kada a ɗaga mini hankali. Tsakanin ofis da gidanka tafiyar minti ashirin ce. Ka koya mini, Baba, ban ɗauka ba. Na ga layin bai motsa ba, ban je na duba ba. Wannan ne ke cin raina.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Inna da 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ni kuma ku yafe mini, na zo a makare.