Tsohon da Ba Ya Shiga Jirgi

Shekara talatin da ɗaya Taisiya Yegorovna ta yi a cikin akurkin gilashi, a gindin matakalar lantarki ta wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Mosko. Aikinta ta zauna, ta zuba wa matakala ido, in wani ya faɗi ta ja birki. Ba saƙa, ba karatu, ba hira. Har takarda aka manna a jikin gilashin cewa ma'aikaciya ba ta amsa tambaya. Su dai ba su san ita ce mai tambayar ba.

Da ganin saukowar mutum ta gama karanta shi: wanda matarsa ta kora ya kwana a kujera, wadda ta cusa ƙafa a takalmin da bai kai ta ba, ɗalibin da jarrabawa ta kayar. Mutum ɗaya ne ya gagare ta. Wani tsoho siriri mai hular fatar zomo, duk Talata da hantsi sai ya sauko ta matakala ta uku, hannunsa a kan robar dafawa, yana ta miƙewa gaba kamar mai karɓar gishiri ta kan katanga. In ya iso ƙasa, ko kallon jirgi ba ya yi. Ya rubuta wani abu a ɗan littafi, ya juya ya hau. Shekara shida ana haka!

Klava, wadda ke canjinta a akurkin, ta ce, "Ke yake zuwa gani, Yegorovna."

"Ni? Da wannan ƙugu kamar tukunyar miyar kabeji? Ke dai rufa wa kanki asiri."

"To ɗan leƙen asiri ne."

"Wace ƙasa ce za ta ɗauki wannan? Ko buhun dankali ya fi shi nauyi."

Ran Juma'a za ta yi ritaya. Talatar ƙarshe ta zo, ga shi ya sauko, ya rubuta, ya juya. In ya haye, shi ke nan, ta tafi da tambayar zuwa gonarta ta kokwamba har ta mutu. Ita kuwa tunda take, ba ta taɓa cewa komai a lasifika ba sai "ku tsaya dama, ku wuce ta hagu". Ta danna maɓallin lasifikar.

"Mai hular zomo! Zo nan."

Maza huɗu suka waiwayo.

"Ba ku ba. Wancan ƙasusuwan."

Ya zo ya cire hula, ya ce sunansa Arkadi Lukich. Ta buɗe ƙofar akurki, abin da doka ta hana.

"Arkadi Lukich, shekara shida kana sayen tikiti ba ka shiga jirgi. Lafiyarka ƙalau kuwa?"

"Lafiyar matakala ta uku nake dubawa," in ji shi. Ya nuna ƙasar da take takawa. "Shekara arba'in na yi a ɗakin inji, nan ƙarƙashin kujerarki. Robar dafawa tana ɗan fin matakala sauri, haka muke saita ta. In na ɗora hannu a sama ban ɗaga ba, a ƙasa sai in ga iya nisan da ta ja shi. Ranar da ta daina ja, ƙafar injin ta cinye."

Taisiya ta dubi matakalar. Hannuwa miliyan nawa ta gani suna zamewa gaba ana janyo su, ta ɗauka duk gajen haƙurin mutanen Mosko ne!

"Yau nawa ta ja?"

"Kamu biyu da yatsa uku. Garau take."

"Da waɗannan yatsun kake awo? Kaico."

Ran Juma'a ta miƙa jar hularta ta aiki, aka sha shayi da kek. Talatar da ta biyo, Klava na zaune a akurki sai ta hango tsofaffi biyu suna saukowa ta matakala ta uku, ɗaya da littafi, ɗaya da igiyar awon tela, suna musu a kan rabin yatsa.