Kukan da Na Rufe da Rediyo a Hanyar Zuru

Asubar fari muka bar Birnin Kebbi, ni da yayana, cikin tsohuwar a-kori-kurata mai shan dizal. Wasagu muka nufa, mu ɗauko mahaifinmu. Shekara biyu muna roƙonsa ya baro garin saboda halin rashin tsaro da hanyoyin yankin suke ciki, sai ranar Talata ya ce mu zo. Sharaɗin hanyar ɗaya ne, kowa ya san shi: ka shiga da rana, ka fito kafin la'asar.

Sati guda kafin tafiyar na sa an cire wa motar turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska, aka ɗaura mata wanda ya fi shi girma. Yaya ya ce in bari sai mun dawo. Na ce masa ai ni da motata mun san juna.

Har Jega abin sai sambarka. Ina taɓa totur sai ta zabura, ina satar kallon Yaya ko zai yaba, shi kuwa hanya kawai yake kallo. A Koko muka ci waina da miyar taushe, mai wainar tana ba mu haƙuri wai tsadar mai ce ta sa wainar ta rame.

Bayan mun ɗauki hanyar Mahuta na fara jin abin. A kan shimfiɗaɗɗen wuri shiru, amma da mun kama hawa sai wani huci mai haɗe da fito ya taso daga gaba, motar kuma ta yi nauyi. Na san ba lafiya ba. Maimakon in tsaya, wallahi sai na miƙa hannu na ƙara muryar rediyo. Haka na yi ta yi, duk hawa ina ƙarawa, har muka shiga Dabai, inda mata ke shanya dawa a bakin titi. Nan Yaya ya kashe rediyon da kansa.

"Tun Mahuta nike jin wanga kuka," in ji shi. "Jira nike in ga inda girman kanka za shi kai mu."

Na rage gudu, muka lallaɓa zuwa Zuru.

A Zuru masu babur suka nuna mana garejin wani dattijo da ya yi kanikanci a soja, gicciye rataye a wuyansa, kowa na ce masa Baba Soja. Muka tayar da inji, muka taka totur, mota ta yi lafiya lau kamar mara lafiyar da ya ga likita. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, ni kuwa zufa nake yi.

"Alhaji, yi mini kukan da bakinka," in ji Baba Soja.

Na ɗauka wasa yake. Ba wasa ba ne. Ga ni da furfura a gemu, tsaye a bakin kasuwa, ina "fiiishhh" masu sayar da doya suna kallona. Ya sa na maimaita sau uku, sannan ya ce kukan turbo iri-iri ne. Siririn fito gaisuwa ce kawai. Idan ya koma kamar jiniya, cikinsa ya ci, zai iya zuƙe baƙin mai ya kashe injin a tsakiyar daji. Huci kuwa iska ce take gudu ta wani wuri. Nawa ya faɗa tsakanin biyun ƙarshe, shi ya sa bai yarda da bakina ba.

Ya cire tiyon gaba, ya sa yatsa ya girgiza farfelar turbon, ya daɗe yana yi. Ni dai ina ta salati a zuci. Ya ce ba ta rawa. Sai ya roƙi wani mai hatsi aron buhu shida aka loda a baya don motar ta ji nauyi, ya shiga gaba, ya sa na hau wani tudu a bayan gari. Muna kama hawan kukan ya fito. Ya ce in tsaya. Ya kwaɓa ruwan sabulu, ya shafe tiyoyin ɗaya bayan ɗaya, Yaya yana taka totur. A ƙarƙashin wani tsohon tiyo, dab da inda aka ɗaure shi, kumfa ta fara tashi.

"Kun sa sabon doki, kun bar tsohon linzami," in ji shi. "Wannan ko Ribah ba zai kai ku ba, balle Wasagu."

Ashe tiyon ya tsage, tsagar ta kai tsawon yatsa. Wani Inyamuri mai kayan mota ya tono mana tiyo a ƙasan shagonsa, ya yi tsawo, aka yanke. Sai ƙarfe ɗaya saura muka bar Zuru. Yaya ya dubi agogo, ya dube ni, ya ce mu je.

Ban taɓa tuƙi da kunne irin na ranar ba. Gilashi a sauke, rediyo a kashe, ba mai magana. Gonaki da yawa sun koma ciyawa, ƙauyuka wasu ba kowa. Duk ƙarar babur daga nesa sai in duba madubi. Motar kuwa siririn fitonta kawai take yi.

A Wasagu muka sami Babanmu zaune a ƙofar gida a kan ƙullin kayansa, buta a gefe. Ko ruwa ba mu sha ba muka juyo. Sai da muka ga rufin gidajen Zuru, rana ta yi sanyi, sannan ya yi magana.

"Tun hantsi nike zaune. Na ce in an kira la'asar ba ku zo ba, Allah bai nufa ba ke nan, in kwance kayana. Kuma ba ni sake ɗaure su."

A Zuru muka kwana, washegari da azahar muka iso gida. Na koyi cewa in ka ƙara wa abu ƙarfi, sai ka duba abin da zai ɗauki ƙarfin. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne hannuna a kan rediyo. Da na tsaya tun Mahuta na faɗi gaskiya, da kunyar minti biyar zan ji a gaban yayana. Tsagaggen tiyon yana nan a aljihun motar. Babanmu kuma yana ɗakin da muka gyara masa, jiya ma ya aiko in rage muryar rediyo.