Marin da Maigidana Ya Sha Cikin Harami

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina nakan rikita su. Amma ranar da muka ɗauki harama a cikin jirgin ruwa, ni da maigidana, ba za ta bar zuciyata ba har in koma ga Mahaliccina.

Maigidana mahauci ne a kasuwar Azare, kuma da ƙuruciyarsa ɗan dambe ne. Daga Giade har Bulkachuwa babu dandalin da ba a san hannunsa ba. Ko da aka kai ni gidansa ya riga ya bar dambe, sai dai zafin zuciyar yana nan. Ni kam bai taɓa ɗaga mini hannu ba, amma a waje kowa ya san ba a taka shi a wuce. Shi ya sa da ya ce zai tafi aikin hajji tare da ni, kawunsa ya dube shi ya yi dariya.

“Kai da ko hararar ka aka yi sai ka rama? Ka san in ka ɗauki harama ko musu ba a yarda ka yi ba?”

Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce, “Kawu, a dai sa mu a addu'a.”

Ni na saƙa masa haraminsa, wato fararen mayafai biyun da namiji yake ɗaurawa. Saƙar maza siririya ce, sai an harhaɗa ta da allura, shi kuwa ya ce ba ya son abin da allura ta taɓa. Sai na kaɗa audugar gonarmu, na kafa masaƙata ta mata a jikin bango, na fitar masa da masu faɗi. Na naɗe su na sa a ƙasan kayana.

A wancan zamani na Turawa, irinmu ba mu san jirgin sama ba. Ta Yerwa muka bi, wani wuri a babbar mota, wani wuri a ƙasa. A Sudan guzuri ya ƙare, muka tsaya tsinkar auduga a gonakin mutane har damina ta zagayo. Jagoran ayarinmu wani dattijon malami ne, asalinsu mutanen Barno ne amma a Azare aka haife shi. Kowace yamma sai ya tara mu ya maimaita mana abin da harama ta hana: aski, yanke farce, turare, farauta, faɗa da jayayya. In ya zo kan na ƙarshen, mutane sukan saci kallon maigidana.

A bakin teku muka yi wanka, don an ce ruwan jirgi na sha ne kawai. Muna tsakiyar ruwa da hantsi aka busa ƙaho, Malam ya ce mun daidaita da miƙati, wurin da ake ɗaukar niyya. Maza suka tuɓe riguna da huluna. Na kwance ƙunshina na miƙa wa maigida, ya ɗaura ɗaya a ƙugu, ya yafa ɗaya. Muka yi nafila, muka yi niyya, jirgi ya ɗauki Labbaika. Na dubi ƙaton mutumin nan, kansa a buɗe, sanye da saƙar hannuna, sai na ji hawaye na zubo mini.

Da rana ta take aka fara rabon ruwa. Ga zafi, ga cunkoso, ga masu amai saboda jirgi na tangaɗi. Maigida ya ɗauki butarmu ya shiga layi, ni ina zaune a gefe ina hangen sa. A gabansa akwai wani dogon mutum, shi ma cikin harami, ba mu san ƙasarsa ba, ba ma jin harshensa. An zuba masa ruwa a kwanonsa ke nan sai na baya suka turo, maigida ya faɗa masa, kwanon ya kife. Mutumin ya juyo, bai tambayi kowa ba, ya sharara wa maigidana mari. Bai tsaya nan ba, ya cafki gemunsa ya jijjiga yana surfa masa magana.

Mutanen ƙasarmu Katagum da ke layin suka ja da baya. Wani Bafulatani abokin tafiyarmu ya ce a hankali, “Shi ke nan, yau an yi kisa.” Ba wasa yake yi ba. Na ga ƙafar hagun maigida ta matsa gaba, hannun dama ya dunƙule ya koma baya, irin tsayuwar da ake ba ni labari. Na san in hannun nan ya sauka, sai dai a ɗauki mutumin, maigida kuma ma'aikatan jirgi su ɗaure shi, duk wahalar da muka sha ta tashi a banza a bakin ƙofa.

Mace ba ta ɗaga murya a talbiyya, Malam ya sha gaya mana. Ran nan na ɗaga. Na ce, “Labbaikallahumma labbaik.”

Maigida bai waiwayo ba. Ya daɗe a tsaye ƙirjinsa na hawa da sauka, sannan na ga ya kai hannun hagu baya ya damƙe na dama, kamar mai riƙe ɗan maraƙi. Ya amsa talbiyyar da wata irin murya da ban taɓa ji a bakinsa ba. Ya sunkuya ya ɗauki kwanon, ya miƙa wa mai rabo, ya nuna a zuba wa mutumin nasa rabon a ciki. Mutumin ya fizge kwanonsa ya tafi. Bai ba da haƙuri ba, ba mu kuma sake ganin sa ba.

Maigida ya dawo ya zauna kusa da ni, shatin yatsu a kumatunsa. Na miƙa masa ɗan ruwan da ya rage mana. Da Malam ya iso, na ɗauka ƙara zai kai. Sai ya buɗe tafin hannunsa, ga 'yan gashin gemu da ya tsince a kan haraminsa.

“Malam, gashina ya fita. Akwai fidiya a kaina?”

“Kai ka tuge?”

“A'a.”

“To babu komai a kanka.”

Sai ya ce, “Amma a zuciyata na buge shi, Malam.”

Malam ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Zuciya ta so, hannu ya ƙi saboda Allah. Wannan lada ne, ba laifi ba.”

Mun sauke farali lafiya, muka dawo Azare aka tarye mu. Ba zan ce ya zama wani mutum dabam ba. In ciniki ya yi zafi a rumfa, daga bakin kasuwa ana jiyo muryar Alhaji. Amma har ya bar duniya hannunsa bai sake taɓa ɗan Adam da duka ba.

Mata da yawa suna alfahari da ranar da mazajensu suka yi nasara a kan wani. Ni ranar da aka mari nawa a gaban mutanen garinsu ita ce abin alfaharina. A can na koyi cewa ɗaura farin mayafi abu ne mai sauƙi, kowa ya iya. Haramar gaskiya ita ce mutum yana da ƙarfin ramawa, yana kuma da gaskiya, ya tuna gaban Wanda yake tsaye, ya sauke hannunsa.