Fitilun Gul Faraz

A layin masu gyaran manyan motoci na Dargai, gindin hawan Malakand, rumfar Ustad Bakht Zamin ce ta ƙarshe kafin magudanar ruwa. Tawa ta facin taya tana jingine da ita, tsohon tamfol ne kawai ya raba mu, ko tari ya yi ina ji. Wutar mota yake gyarawa. Siririn dattijo ne mai gemu ja da lalle, yatsunsa duk tabon ruwan batir, ba a jin muryarsa sama sai in yana kiran mai shayi.

Daga duwatsun Dir ya gangaro yana saurayi, ya yi shekaru yana wanke wa ubangidansa batir a Peshawar kafin a yarda ya taɓa waya. Da hannunsa ya faɗa sai ya dawo nan ya kafa rumfa, ya yi aure. 'Ya'ya mata uku ya aurar, namiji ɗaya gare shi, Gul Faraz, wanda uwarsa ta rasu tun bai yi wayo ba. A kan gadon igiyar rumfar Gul Faraz ya girma, amma waya ba ta taɓa ba shi sha'awa ba. Sitiyari yake so.

Duk aikin Ustad an yarda da shi in ban da guda: fitilun ƙari da direbobi ke ɗaurawa a gaban mota saboda hanyar dutse. Yana da yadda yake yin su. Waya mai kauri yake ja daga batir, ya sa fiyus dab da batirin, tazarar ba ta wuce taƙi ba. Nauyin wutar a kan wata 'yar na'ura da ake kira rile yake ɗora shi, don kada makunnin cikin mota ya ɗauki zafi. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe sai ya sa mata zoben roba. Har nan babu mai gardama. Inda ake rabuwa, yana haɗa fitilun da doguwar fitilar mota, yadda da direba ya rage ta su ma za su mutu. Sannan da magariba ya sa a juya motar ta fuskanci bangon tsohon sito, ya sunkuyar da su har haskensu ya kwanta a ƙasa.

To, a hanyarmu rage fitila ba ƙaramin abu ba ne. In motoci biyu suka yi kiciɓis, wanda ya fara ragewa shi ne ya sunkuyar da kai, kuma sai an yi da shi a wuraren shan shayi har Karachi. Abin da direba yake so makunni ne na daban a ƙarƙashin yatsansa, da fitila mai kallon gilashin mai zuwa.

Akwai wani direba Lal Zada, ƙato mai dariya kamar ana kwankwasa duro. Ya taɓa tsayawa ya dubi hasken a jikin bango, ya tofar da garin tabar da ke leɓensa.

"Ustad, fitila na ce ka sa mini, ba aci-bal-bal ba. Wannan allura take nema a ƙasa?"

"Hanya a ƙasa take, Lal Zada. Ko ka fara tuƙi a sama ne ba mu ji ba?"

"Ɗaga ta, don girman gemunka. Direbobin garin Bannu su haske ni in tsaya ina ƙifta ido kamar amarya?"

"Amarya mai wannan tumbin, ai angon ne abin tausayi."

Aka yi dariya, har da Lal Zada. Amma washegari a rumfar Dilawar ta tsallaken titi muka ga motarsa. Dilawar ba ya musu da kowa. Abin da ka ce shi zai yi, kafin shayinka ya huce. Haka suka riƙa tsallakawa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama Ustad batir kawai yake cikawa da gyaran hon.

Wata rana ana ruwa babu aiki na tambaye shi dalili. Ya daɗe yana juya kofin koren shayinsa. Ya ce shekarar da aka haifi Gul Faraz wata ƙaramar motar haya ta faɗa kwazazzabo a kwanar sama, yana cikin waɗanda aka zura da igiya. Direban bai mutu ba, yana zaune kan dutse yana ta cewa fari kawai ya gani. Motar da ta haske shi kuwa ta wuce abinta, ba ta ma san an yi ba. Tun ranar ya ce hannunsa ba zai ƙara ɗaga fitila ba.

Da Gul Faraz ya samu mota, wata tsohuwa mai kambin katako a saman kan direba, da ke ɗaukar duwatsun gini zuwa kudu, uban da kansa ya ja mata waya, irin yadda ya saba. Bai yi wata biyu ba ya dawo gefen motar a karce, tsuntsayen da aka zana mata duk sun goge. Ya zauna bakin gadon igiya bai taɓa gurasar da aka ajiye masa ba.

"Baba, dutse na goga. Da ɗaya gefen ne, da yanzu gaisuwa ake yi maka."

"Allah ya tsare gaba. Gudu kake yi?"

"Wane gudu da duwatsu a baya? Haske ni aka yi. Na rage, na sake ragewa, ya ƙi. Wa zai rage wa wanda ba ya iya ramawa? Sun gane motar. Motar liman suke ce mata."

"Ka ci gefe ka tsaya, ya wuce."

"A kwana? Ina gefen yake, Baba? Ka raba mini makunnin, ka ɗaga su kaɗan. Ba zan fara ba. Wanda ya yi mini kawai."

"Kowa haka yake cewa, ɗana."

"To ka fi son waɗanda ba ka sani ba a kaina."

Ustad ya ɗauki wata waya yana feƙe bakinta, alhali babu aikin da zai yi da ita.

Da safe motar tana gaban rumfar Dilawar. Duk layin ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba. Bayan azahar Gul Faraz ya tsallako da ita don yin sallama, ya bar injin yana aiki, ya kunna sababbin fitilun da rana tsaka, wai yana gwadawa. Uban ya miƙa masa hannu ke nan sai ya tsaya, ya shaƙi iska. Ya ture shi ya hau motar, ya yaye ƙyallen karan-miski da aka lulluɓe gaban direba da shi. Na matso na leƙa. Siririyar waya ce irin ta rediyo, an jawo ta kai tsaye daga batir zuwa makunni, ta ratsa hudar ƙarfe tsirara. A gurbin fiyus takardar gwangwanin kwalin sigari aka naɗa. Robar wayar har ta yi laushi. Kewaye da ita kuwa katako ne da tuntaye da furannin roba, kuma ƙofar direba sai an daka ta da kafaɗa take buɗewa.

"Wannan ba za ta kai ka Kohat ba," in ji Ustad. "A ciki za ka gasu."

"To mayar mini da ta liman, in faɗa rami. Zaɓi ɗaya, Baba. In ka cire, gobe zan sa a mayar a wani garin."

Ba da tsawa ya faɗa ba, kuma uban ya san ba ƙarya yake yi ba. Ya zauna a kujerar direba, hannunsa a kan wayar mai ɗumi, har na zaci ba zai sauko ba. Can ya ce a kashe injin.

Ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyan na ranar ba. Ya fizge na Dilawar kaf. Ya ciro waya mafi kauri da yake da ita, ya sa fiyus, ya sa rile, ya bi kowace huda da roba, ya kankare fenti har ƙarfe ya fito fes kafin ya ɗaure wayar ƙasa. Da ya zo kan makunni sai ya bar shi shi kaɗai, bai haɗa shi da doguwar fitila ba. Ana kiran magariba suka juya motar ga bangon sito. Gul Faraz yana ciki, uban yana gaba da sifana.

"Sama kaɗan, Baba."

Ya ɗaga.

"Ƙara."

Ya ƙara, har hasken ya kai tsayin da fuskar direba take kaiwa. Ya ɗaure noti, ya wuce masallaci bai waiwaya ba.

Labari ba ya kwana a layinmu. Kafin mako ya zagayo Lal Zada ya faka a bakin rumfar, ya sauko yana miƙa.

"Ustad, irin ta Gul Faraz nake so. Ko idon ɗanka ne kaɗai ido?"

Na jira in ji abin da zai mayar masa, don bai taɓa rasa amsa ba. Sai kawai ya ce ya buɗe akwatin batir.

Yanzu rumfar ba ta rabuwa da mota. Babu wadda ya yi wa waya da ta taɓa kamawa da wuta, direbobi suna yabonsa har Kwetta. Shi kuwa ya daina ba'a da kowa, in an gama aiki ba ya tsayawa kallon bango.

Ranar Laraba Gul Faraz ya dawo daga kudu, idanunsa jajur. Ya ce manyan motocin fasinja sun samo wasu fararen fitilu masu tsawo kamar sanda, nasa ko gezau ba sa sa su yi. Ya sayo guda biyu, suna cikin kwali a hammatarsa. Ustad ya dubi gaban motar, babu sauran wuri. Ya ce in ara masa tsanina, za a ɗaura su a kan kambi.