Gwaggo Falmata da Katangunta

Ku da kuka san Gwaggo Falmata ta Madabo, wa ya taɓa ganin ta zaune? Ko gaisuwa ta je, sai ta ƙwanƙwasa bangon zaure ta kasa kunne kafin ta yi sallama. Gidan ƙasar da ta gada wurin mahaifinta kuwa bai taɓa cika shekara da kama ɗaya ba.

Wata rana mijinta, Malam Bukar, ya dawo daga kasuwar Kurmi a gajiye, ya nufi ɗakinsa, sai ya yi karo da ɗanyen yaɓe.

"Falmata! Ina ƙofata?"

"Ta koma gabas, Malam. Iska ta fi shigowa ta can."

"To ni ta ina zan shiga?"

"Yo kai ka fi iska ne? Zagaya!"

Shekarar da soja suka miƙa mulki, wani mai neman kansila ya shigo da babbar riga tana ƙamshin turare. Ya tarar da ita tana kwaɓa ƙasa, ya ce in ya ci zaɓe siminti da kwano zai sa mata.

"Kai za ka riƙa zuwa yi min fifita da bazara? Tuɓe takalmin nan ka taya ni."

Wallahi sai da ya shiga! Ya taka, ya zame, ya fito wando duk caɓi. Da ya tafi na ce, "Gwaggo, za ki zaɓe shi?"

"Wa? Wanda ƙasar tsakar gida ta kayar, shi za a danƙa wa ƙasa sukutum?"

Da tsufa ya kama ta, ɗanta Yaya Modu ya tsorata, don kullum tana kan tsani tana leƙa indararo. Ya gina mata gidan bulo a bayan gari, ya ce na Madabo rushe shi za a yi. Ba ta yi mako a sabon gidan ba sai ga ta a bayan ɗan acaɓa, da ƙullin kayanta a ka.

"Gwaggo, me aka yi miki?"

"Ba komai! Shi ne matsalar. Na zagaye gidan kaf, ko tsaga ɗaya babu. Zama zan yi ina kallon bango kamar mara lafiya?"

Daga ranar Yaya Modu bai ƙara maganar rushewa ba. Sabon tsani ma ya saya mata.

Muna dariya, amma ni ba zan manta shekarar da babanmu ya rasu ba. Muka iso gidan Gwaggo da Innarmu, ba mu da inda za mu sa kai. Washegari Gwaggo ta ja katanga a tsakiyar ɗakinta, ta ba mu ɓangaren da ke da taga.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yalwata mata makwanci, Ya haskaka shi. Amin.