Sassarfa Bayan Jakai

Abin da ya rage mana bayan ruwan dam ɗin Bakolori ya hau kan gonarmu ba shi da wuyar ƙirga: ɗaki biyu a sabon matsuguni kusa da Maradun, jakai biyar da nake juyawa, mahaifiyarmu, da ƙanena guda ɗaya. Cikin waɗannan, ƙanen ne yake shirin suɓuce mana. Ya faɗa a gaban Inna cewa in damina ta faɗi bai sami aikin albashi ba, zai bi abokansa Kurmi. Waɗanda suka riga shi tafiya kuwa, sai dai a ji labarinsu a bakin direbobi. Ni Inna ta kira bayan ya fita, ta ce, "Kai na babba. Gona ta tahi, kar shi ma shi tahi."

Aikin da ake rububi a lokacin shi ne tsaron ƙofofin ruwa. An haƙa manyan hanyoyin ruwa daga dam zuwa gonaki, muna ce musu kanal, kowane da ƙofar ƙarfe da ake murɗawa. In bakin kanal ya ɓalle, sai mai tsaro ya ruga ya rufe ƙofar da ke sama kafin ruwa ya kwashe shukar mutane. Heluman da ke ɗaukar ma'aikata, wato shugaban leburori, ya gaji da masu zuwa da gaisuwar wane da wane, sai ya ce ƙafa za ta raba gardama. A tashi daga wata ƙofa, a bi bakin kanal har gada, a taɓa ƙarfenta, a dawo. Ukun farko su ne da aiki.

Duk ƙauyenmu babu mai saurin ƙanena, don haka ranar gwajin farko har goro na saya na rabo. Ya kuwa tashi kamar barewa, shi ya fara taɓa gada. A dawowa ne ƙafafunsa suka zama itace. Ina tsaye ina kallo mutane suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya, har da wani mai tumbi da yake sayen albasa a Bakura. Goron nan ni na cinye abina.

Heluma ya ce za a buɗe sabon kanal wajen Bakura kafin damina, zai sake ɗaukar uku. Wannan ce damar da ta rage.

Sai Kawu ya karɓi ragama. Ƙanen Inna ne, tsohon soja, yana gadin wani sito a Mafara. A ganinsa maganin gudu gudu ne. Kullum da asuba sai ya kai yaron gindin wani tudun ƙasa da motocin kwangila suka tara, ya sa shi ya hau a guje, ya sauko, ya sake hawa, har sai ya yi amai. In ya yi aman sai Kawu ya ce, "Madalla, lalaci na ka hita." Ba a daɗe ba ƙwaurinsa ya fara ciwo, ya rame, ya koma faɗa da kowa a gida. Na gwada shi da ɗan maƙwabcinmu, wanda a da ba ya ko ganin ƙurarsa, sai ga shi sun iso tare.

Ni ban san aikin soja ba, jaki na sani. Ina saye a kasuwar Talata, in kai ƙauyuka irin su Dosara da Dakko, inda ake ta gine-gine ana neman abin ɗaukar ƙasa, masu albasa kuma suna neman abin fito da buhu daga cikin gona. Na daɗe da lura da abu biyu. Jakin da ya saba da doguwar hanya ya fi wanda aka ɗaure ana tura masa dusa, ko da na ɗauren ya fi shi ƙyalli. Su kuma masu kora, waɗanda suke yini suna sassarfa bayan dabbobi, ba sauri ba tsayawa, in jaki ya kubce da yamma su ne suke kamo shi, ba samarin gari masu ƙwallo ba. Dalilin ban san shi ba. Kaya dai na sani in na gan shi.

Na ce wa ƙanena ya bar tudun nan ya koma sassarfa, mai nisa, kullum.

Ya dube ni ya ce, "Yaya, sassarfa? Gudun tsohon da ka son shi samu raka'ar hwarko?"

Na ce, "Shi tsohon yana samun raka'ar. Kai mi kas samu?"

Ciwon ƙwauri ne ya sa ya yarda, ba maganata ba. Amma ranar farko da ya fita shi kaɗai muka gane abin da ba mu lissafa ba. A ƙasarmu babban mutum ba ya gudu sai da dalili. Bai kai ƙauye na biyu ba mutane suka fito da sanduna, wannan yana tambayar ina ɓarawon, wancan yana tambayar gidan wa ya kama. Da ya ce babu komai, sai suka tsaya suna kallonsa da tausayi. Kafin azahar wata tsohuwa ta zo har gida ta ja Inna gefe, ta ce tun da abin bai yi nisa ba a nemo masa rubutu. Ya rantse ba zai sake fita ba.

Na kwana ina juya abin, da safe na sami mafita. Mai yi mini kora ya riga ya gudu aikin lebura a dam, sai na miƙa wa ƙanena sandarsa. Mutumin da yake sassarfa shi kaɗai mahaukaci ne. Wanda yake yin ta bayan jakai biyar mai neman halak ɗinsa ne, har sannu ake yi masa.

Haka muka shiga. Shi a ƙasa, ni a kan keke a bayansa, jakai a gaba ba kaya. Jaki ba ya yarda a gaggauta shi, ba ya kuma son a bar shi, don haka su suka riƙe mana ma'auni. Da farko gajerun hanyoyi muka bi, daga gida zuwa Dosara. Da ƙwaurin ya warke na fara ƙara nisa kamar yadda ake ƙara farashi, kaɗan-kaɗan yadda mai saye ba zai firgita ba. Sai Mafara. Sai Mafara zuwa Bakura. In na ga ya gaji sai in ce yau babu ciniki, ya kwanta.

Doka ɗaya na kafa masa: in na yi masa magana, ya ba ni amsa cikakkiya. In amsar ta fito guntu-guntu, to ya yi sauri, ya rage. Don haka duk hanya surutu muke. In ce, "Wancan baƙin, nawa za ka taya shi?" Ya ce bayansa ya lotsa, kofatonsa na hagu ya tsage, ba zai wuce kaza ba. In ce ya yi tsada. Mu yi ta gardama har mu hango rumfunan kasuwa.

Kawu bai ji daɗi ba. Ya tare ni a bakin kasuwa, muka gaisa, ya tambayi gida da gajiya da dabbobi, bai rage komai ba, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, kana maishe min da yaro jaki. Wanda yas saba da sannu, sannu za ta kashe shi. Ka ba ni shi kullum da sahe."

Na ce, "Kawu, albarka."

"Ciniki mukai?"

"Komi ciniki na. Sau ɗaya a mako."

"Huɗu."

"Biyu, kuma ba tudu, ba amai. Shi ruga kaɗan, shi huta, shi ƙara. In na ga yana ɗingishi, cinikin ya warware."

Ya ce ban da kunya tun ina yaro. Muka tafa a kan biyu, a makonnin ƙarshe kawai.

Ban san ko abin yana ci ba sai wata rana a hanyar Dakko. Mun sha tafiya tun safe, rana ta take. Wani jan jaki da na saya ya hango jaka a hayin gonakin alkama, ya yi kuka ɗaya ya yanki daji. Kafin in sauko daga keke ƙanena ya bi shi. Na ga yadda yake tsallake kunya-kunya, ƙafar tana tashi kamar lokacin nan ya fito daga gida. Ya kamo shi ta kunne ya dawo da shi, yana zaginsa da zagi mai tsawo, ba numfashi a tsakiya. Na karɓi jakin, muka ci gaba da tafiya. Dillali ba ya yabon kaya a gaban mai shi.

Ranar gwaji mutane sun fi na farko yawa, don labari ya kai har ƙauyukan Maradun. Masu rake da masu ƙosai sun kafa a bakin kanal. Da aka hango ƙanena sai wani ya ɗaga murya, "Ina jakkan? Yau wa za ya ja ka?" Wani ya kwaikwayi kukan jaki, aka fashe da dariya. Kawu ya tafi gada ya tsaya, ya ce nan ne ake mutuwa, yana son ya gani da idonsa. Ni na tsaya wajen heluma.

Na zaci zai fara a hankali, tunda haka na koya masa. Ina! Heluma na sauke hula ƙanena ya fice a gaba, kamar wancan karon. Mai albasan nan na Bakura, wanda yanzu yake da hular aiki, ya ce mini, "Halinai na nan. Gada ta ka jiran shi."

Shi ya fara taɓa ƙarfen. Daga inda nake sai ɗigo-ɗigon mutane nake gani, ina jiran na gaban ya fara komowa cikin sauran. Bai komo ba. Tazarar ma ƙaruwa take yi. Wasu samari biyu suka yunƙuro a tsakiyar hanya, suka matso, sai ya ƙara wuta, irin wadda Kawu ya koya masa, suka sake shi. Masu kukan jakin ɗazu, su ne suka fi kowa ihu. Ni da nake ce wa mutane dillali ba ya nuna zumuɗi, sai ga ni a guje a bakin kanal, babbar riga a hannu, takalmi ɗaya ya faɗa ruwa. Babu wanda ya tambaye ni ina ɓarawon.

Ya iso na ɗaya, na biyun yana can baya. Heluma ya dube shi sama da ƙasa ya ce ya zo ranar Asabar a auna masa riga.

Can sai ga Kawu ya iso yana haki, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa horon soja ba ya ƙarya. Ya ce a gada yaron har gaishe shi ya yi, ya tambaye shi kwanan iyali. Na ce, "Kawu, wannan gaisuwar a bayan jakkai aka koye ta." Ya ce ƙaryata ta sha ƙarya. Har ya bar duniya ba mu daidaita a kan wannan ba, kuma ban taɓa hana shi kasonsa ba. Abin da na riƙe shi ne, Kawu ya wasa wuƙar, amma a doguwar hanya aka ƙera ta. Lokacin da wasawar kaɗai ake yi, cinye ƙarfen take.

Da dare ya yi sanyi na zauna na auna cinikin yadda na saba. Jakaina sun zube saboda yawon da ba na dole ba, biyu a ciki sai da na sayar da su ƙasa da yadda na saya. Tayoyin keke sun ƙare. Na rasa takalmi. Na rasa mai kora mafi kyau da na taɓa samu, a daidai lokacin da ya iya duba haƙorin jaki fiye da ni. Wannan shi ne gefen hasara, kuma ban rage komai ba.

A ɗaya gefen, damina ta faɗi, motocin Kurmi suka cika suka tashi ba shi a ciki. Ƙofar da aka ba shi tana wajen Bakura, duk Juma'a yana gida, hannunsa a cikin akushin Inna. A can ya yi aure, a can ya tara 'ya'ya, ya tsufa ana kiransa da sunan ƙofar. Na yi shekaru ina saye da sayarwa, daga jakai na koma shanu, daga shanu na koma motoci. Ban taɓa zuba jari kaɗan haka na kwashi riba mai yawa haka ba.