Dogon da Mumuni Ya Shimfiɗa a Zaure

Duk Salaga babu wanda ya taɓa jin ƙarar jirgin ƙasa daga ƙofar gidansa sai maƙwabtan Baba Mumuni Reluwe, su ma ɗin ba na gwamnati suka ji ba. Na gwamnati a bakin 'yan siyasa yake zaune. Duk shekara huɗu sai ya taso daga Kumasi da ƙarfinsa, ya ratsa Salaga da Yendi har Bawku a cikin lasifika, ana gama ƙirga ƙuri'a ya mutu a hanya. Na Mumuni kuwa da gwangwanin madara aka ƙera shi, duk tsawonsa da taragunsa huɗu bai wuce kamu biyu ba, amma yana tafiya.

A zangon Salaga aka haifi Mumuni, ɗan wani mai fataucin goro. Yana da shekara goma sha tara ya hau bayan motar doya ya gangara kudu, ya faɗa aikin lebura a layin dogo. Shekara talatin da ɗaya ya yi tsakanin Takoradi, Tarkwa da Dunkwa, har ya zama heluma mai mutum goma sha biyu a ƙarƙashinsa. Kullum da sassafe sai ya taka layinsa da ƙafa, guduma a kafaɗa, yana buga ƙarfe yana sauraro. Abin alfaharinsa a duniya guda ɗaya ne: jirgi bai taɓa gocewa a inda ya sa hannu ba. Sai layukan suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ciyawa ta rufe su, aka tara su Mumuni aka gode musu. Ya dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya, da ciwon baya, da matarsa Atikatu mai sayar da koko.

Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mahaifinsu ya daɗe da rasuwa. Ƙaninsa Alhaji Jibirilu, mai cinikin shanu da albasa a Bawku, shi ya yaye tsohon rufin gidan ya buga kwano tun daga ɗakunan ciki har zauren da ke kallon titi. Irin waɗannan gidajen gado ba a cika raba su ba, na kowa ne, amma akwai ƙa'idar da ba a rubuta ba kuma ba a musu a kanta: wanda ya rufa ɗaki shi ke da magana a kansa. Jibirilu ya ba yayansa ɗaki ɗaya a ciki, ya ce zauren ma babu kowa, ya riƙa shan iska a can. Mumuni ya san ƙa'idar sarai. Kunnensa ne kawai ya ji "sha iska" ya ɗauka an ce "na ba ka".

Zaman banza bai karɓe shi ba. Wata rana ya tsinci matacciyar lema a bola, ya zare ƙarafanta ya jera biyu a ƙasa, ya tsaya yana kallonsu har koko ya huce a hannunsa. Daga ranar duk wata lema da iska ta karya a Salaga a zaurensa take ƙarewa. Ya fere itacen kaɗanya sili-sili ya yi katakan da dogo ke kwanciya a kai. Ya tankaɗe tsakuwa da rariyar Atikatu, abin da ya jawo masa gabar kwana uku. Ya ciro injin da ke juya kaset daga tsohuwar rediyo ya sa a kan jirgin, ya ɗaura masa batir. Ƙafafun kuwa wurin masu narka gwangwani suna zubin tukwane ya kai zane, aka zuba masa sau shida kafin ya ce sun yi.

Wani kafinta maƙwabcinsa ya leƙo ya ba shi shawara ya ɗora abin a kan faifan katako, yadda in ta kama za a ɗaga a kai wani wuri. Mumuni ya dube shi sama da ƙasa.

"Dogo a kan tebur? Ka taɓa ganin an naɗe layin dogo an sa a hammata? Wancan wasan yara ne. Ni aiki nake yi."

Ya fasa daɓen zauren, ya haƙa, ya zuba jar ƙasa ya daddaɓe, ya bi gefe da siminti. Kowane yanki sai ya yi kwana arba'in yana yayyafa masa ruwa safe da yamma, ƙasa ta zauna ta gama nutsewarta, kafin ya yarda ya ɗora ƙarfe. Haka aka koya masa, haka ya koya wa mutum goma sha biyu, kuma hali zanen dutse ne.

Tashar Salaga tana bakin ƙofa, da ɗan masallacinta da rumfar doya. Daga nan layin ya bi bangon gabas, ya haye gadar kogin Daka da aka yi da ƙarafan keke, ya wuce Bimbila ya shiga Yendi a tsakiyar zauren. Kafin ya gina tashar Yendi sai da ya je garin da kansa ya kwana biyu, yana zagaya bayan kasuwa yana auna fili da taku, har masu babur suka fara nuna shi da baki. Ya dawo ya ce ya ga inda ya kamata a kafa tasha in masu mulki suna da ido. Dutsen Nakpanduri ne ya fi cin ransa. Shekara uku jirgin yana zuwa gindin tudun ya yi ta ƙugi yana zamewa baya. Sau biyu ya rushe tudun, a na uku ya sa layin ya zagaye shi ya haye kansa, jirgin ya hau a hankali yana nishi ya sauka ta ɗaya gefen. Ranar Mumuni ya sayi tsire ya raba wa duk wanda ya wuce ta ƙofar.

Mutane sukan taru su kalla, su yi dariya, su ɗauki hoto da waya. Yabon da ya fi samu shi ne, "Tsohon nan bai da aikin yi." Wannan magana tana yi masa ciwo, ko da yake bai taɓa tankawa ba. Abin da yake so a ransa bai ɓoye wa kowa ba: ya ga jirginsa ya tashi daga bakin ƙofa ya shiga Bawku a ƙuryar zauren, ko sau ɗaya, kafin yanar da ta fara rufe masa ido ta gama aikinta.

Shekara goma sha huɗu ya kai layin Garu. Saura kamu uku.

A shekarar ne aka gyara titin da ya wuce ta gaban gidan, duk mai ɗaki a bakin hanya ya fasa bango ya sa ƙofar ƙarfe. Samed, babban ɗan Jibirilu, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya sauka daga Bawku ya durƙusa ya gaida baffansa yadda ya kamata, sannan ya fito da abin da ya kawo shi.

"Baba, wallahi ba na so in ɓata maka rai. Alhaji ya ce in buɗe sito a nan, kayan moto, wato babur. Ka ga titi ya zo, bizines ya buɗe. Jirgi ɗin za mu ɗauka maka shi a hankali, mu kai ciki."

"Ku ɗauka ku kai ciki," in ji Mumuni. Ya nuna masa ƙasa da sanda. "To, bismilla, ɗauka."

Samed ya sa hannu ya taɓa gefen simintin, ya ji shi ƙam. Ya ce shi dai umarnin Alhaji ne.

Mumuni ya shirya ya nufi Bawku, ta hanyar da ya shekara goma sha huɗu yana shimfiɗawa a zaure. Mota uku ya canza, ya kwana a Yendi, ramukan Gushegu suka tayar masa da ciwon baya. Ya sami ƙaninsa a kara, kasuwar shanu, zaune a inuwa ana kora masa shanu yana dubawa. Tun suna yara da sunansa Jibirilu yake kiransa gatsau, amma ranar Mumuni da bakinsa ya ce, "Alhaji, wurinka na zo."

"Haba Yaya, da ka buga waya ai."

"Abin roƙo ba a aika shi ta waya. Ka ba ni damina ɗaya. Kamu uku ya rage mini in shigo garin nan."

Jibirilu ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa tsoho. "Ai ga ka a Bawku, Yaya, ka riga jirginka isowa." Da ya ga fuskar yayan nasa bai motsa ba sai ya gyara zama. "Bari in gaya maka gaskiya. Shekarar da ruwa ya ci ɗakin Inna, ina ka ke? Ni na kwashe ta a tsakiyar ruwa. Da aka buga kwanon gidan nan, ko ƙusa ɗaya ka aiko? Ban taɓa yi maka gori ba. Yaron nan iyali gare shi, abinci zai nema. Kai kuma gwangwani ka ke turawa."

Abin da ya fi baƙanta wa Mumuni rai shi ne babu ƙarya ko ɗaya a cikin maganar. Ya zauna yana kallon ƙudaje a bayan wani bijimi. A ƙarshe Jibirilu ya ce don girman zumunta ya ba shi zuwa bayan Babbar Salla da kwana uku, ya sa aka ɗora masa buhun albasa a mota.

Da ya dawo ya ƙirga, kwana talatin da huɗu ne. Ya haƙa yankin ƙarshe a ranar, ya zuba ƙasa ya daddaɓe, ya fara yayyafi. Ya gina tashar Bawku da ɗan karanta na shanu. Ƙarafan lema suna jingine a bango a miƙe, an goge su, an yanke su daidai.

Atikatu ta zuba masa ido har mako uku, sannan ta kasa haƙuri. "Malam, ɗora ƙarfen nan mana. Sau ɗaya fa zai bi ta kai. Wa zai sani?"

"Ƙasar ba ta zauna ba."

"Jirgin gwangwani ne, ko kaza ta fi shi nauyi!"

"Ni zan sani," in ji shi.

Ranar jajibirin Salla ya ɗauki ƙarfe ɗaya ya durƙusa. Ya danna ƙasar da babban yatsa, ya ga ta ɗan lotsa, kaɗan ƙwarai, abin da wani ba zai ma gani ba. Ya daɗe a durƙushe da ƙarfen a hannu. Sannan ya miƙe ya mayar da shi jikin bango. Duk wanda ya ce wannan wauta ce bai yi ƙarya ba, ni ma na faɗa a raina. Ya aika wa Jibirilu saƙo yana neman kwana shida kacal. Amsa ta dawo cewa an riga an yi magana da birkila, kuma kaya suna hanya daga Kumasi.

Birkilan, Fuseini sunansa, ya zo da safe da mutanensa da diga biyu. Mumuni ya riga ya kwashe jirgin da taragunsa ya sa a daron wanki, ya zauna a bakin ƙofa da daron a cinya. Fuseini ya ɗaga diga ya sara gefen layin wajen Yendi. Digar ta yi tsalle. Ya sake sarawa, ɗan ɓarɓashi kawai ya tashi. Ya ajiye ta ya tsuguna, ya bi layin da tafin hannu tun daga gadar Daka har gindin dutse, ya leƙa yadda aka bar hanyar ruwa a ƙarƙashi.

"Wa ya yi wannan aiki?"

Samed ya nuna baffansa da haɓa.

"Olman, kai ne? Kai! Ni shekara ashirin ina gini, ban gani aiki kamar wannan ba. Ko tsaga ɗaya babu. Kai masa ne, gwanin aiki na gaskiya." Ya juya wurin Samed. "Wannan ba a fasa shi, ɓata lokaci ne. Ƙasa ya zauna da kyau. Mu sare dutse ɗin kawai, mu zuba kankare a kai. Daɓenka ba zai tsage ba har jikokinka."

Shekara goma sha huɗu Mumuni yana jiran mutum ɗaya da ya san aiki ya duba ya faɗi haka. Ga shi ya samu, kuma da yabon aka yanke hukuncin binne layin.

Suka sare dutsen Nakpanduri da shebur cikin minti goma. Suka tattake rumfunan tasha. Fuseini ya buga ƙusa a bangon gabas da na yamma, ya ja igiya don ya san inda kankare zai tsaya, yaransa suka fara kwaɓa siminti a waje. Mumuni yana zaune yana kallon igiyar da idonsa mai yana. Ya kau da kai ya dubi titi. Ya sake duban igiyar. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

"Fuseini."

"Na'am, Olman?"

"Igiyarka ta karkace. Ta yamma ta yi ƙasa da yatsa ɗaya. In ka zuba haka, ruwa zai riƙa kwanciya a ƙurya."

Fuseini ya auna ya ga haka ne. Ya yi ta fama da ƙusar, ta ƙi zama daidai. Mumuni ya miƙa wa Atikatu daron, ya dafa bango ya tashi, ya taka a kan tashar Yendi ya wuce ƙuryar. Ya karɓi bakin igiyar ya ɗaga ta inda ya kamata, ya danne da yatsa a jikin bango.

"To, ku zuba," in ji shi.